Shanun da Sakinatu Ta Zana a Littafin Lissafi

Duk wanda ya san Sakinatu a Obiagu, da ɗinkin hula ya san ta. Mahaifinta, Malam Arzika, dillalin shanu ne, yana cikin waɗanda suka fara dawowa Inugu bayan an gama yaƙin basasa. Ya iso a 1971 da matarsa Hajo da ɗan ƙunshin kaya, ya tarar wani ya shiga ɗakin da ya bari. Bai yi rigima ba, ya kama wani a layin baya. Ba a jima ba kuɗin mai ya buɗe, kowa yana son nama a tukunyarsa, shanu ba sa kwana biyu a kara. A cikin wannan yalwa aka haifi Sakinatu, bayan shekara bakwai kuma ƙanenta Yero ya biyo.

A gefen uwarta ta koyi allura. Hajo ba ta yarda da zanen biro a kan yadi ba, sai dai a ƙirga zare: uku sama, biyu gefe, a soka. Kafin Sakinatu ta cika sha biyu, tana iya kallon hula a kan mutum yana wucewa ta dawo gida ta fitar da zanenta. Ta girma tana jin Ibo kamar 'yar gari, ta auri Mijinyawa mahauci, ta haifi uku, allurar kuma ba ta bar hannunta ba.

Yero shi boko ya bi. Ya samu aiki a Fatakwal a wani shagon buga takardu, inda 'yan kwangilar kamfanonin mai suke kawo katin shaida da ƙyallayen talla. A 2005 matarsa ta haihu, Sakinatu ta hau bas ta tafi suna. Washegari da la'asar, baƙi sun watse, ya leƙo inda take tana ninke zannuwa.

"Yaya, zo ki ga wani abu, amma kada ki yi dariya."

Ya zaunar da ita gaban kwamfutarsa. Ya ce wasa yake ƙerawa, shekara guda ke nan, duk ranar Lahadi. Irin wasan da mutum yake zama wani a cikin labari, ya yi tafiya gari-gari, ya yi magana da mutane, ya ƙara gogewa. Manhajar da ya samo a faifai da nata hotuna ta zo, gidajen dutse da ƙanƙara da mayaƙa masu sulke, shi kuwa ba su yake so ba. So yake mai wasa ya zaɓi zama mai shanu, ko mai albasa, ko mai tsire, ya taso daga arewa har Kasuwar Oil Mill ta nan Fatakwal. Babu takobi a ciki. Ciniki ne faɗan: kai ka taya, a ce albarka, ka ƙara, kuma akwai wani koren layi a sama mai suna haƙuri, wanda nasa ya fara ƙarewa ya faɗi.

Wannan ya burge ta. Ta matso ta ƙura wa allon ido, ta nuna da yatsa.

"To wannan teburin me yake yi a tsakiyar hanya?"

Yero ya sosa ƙeya. "Saniya ce."

Ta yi alkawarin ba za ta yi dariya ba, amma sai da ta riƙe ciki. Don ya kare kansa, ya buɗe manhajar zane ya ƙara girman saniyar har ta cika allo, ya ce ta duba wahalar abin: gida talatin da biyu a tsaye, talatin da biyu a kwance, kowane gida launi ɗaya, launukan kuma goma sha shida kacal. Sakinatu ta daina dariya. Ta ƙirga gidajen da leɓenta.

"Yero, ai ɗinkin hula kake yi ba ka sani ba."

Ta aika aka sayo mata littafin lissafi mai gida-gida da fensir mai launi a kantin bakin layi. Kafin magariba ta miƙa masa shafi ɗaya. Ya zauna yana kwafewa ɗigo bayan ɗigo, tana tsaye a kansa tana cewa a'a, ɗaya hagu. Da ya mayar da hoton ƙarami sai ga saniya fara, da tozonta da ƙahonta da leɓar wuyanta, tsaye a kan hanya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce yana bukatar akuya, da babbar mota, da mai shayi.

Haka aiki ya kankama tsakanin gari biyu. Ta cika littafi a Obiagu, Mijinyawa ya kai tasha ya ba direban Fatakwal, Yero ya karɓa ya kwafe, ya kira ta a waya ya faɗa mata abin da ya rage. A nan ta gane hoto ɗaya ba ya tafiya. Kowace halitta sai an zana ta sau uku tana taku, ta fuska huɗu, goma sha biyu ke nan. Ƙasa da ciyawa da kwalta kuma ƙananan murabba'ai ne da ake jerawa, dole gefen dama ya dace da na hagu, sama ya dace da ƙasa, in ba haka ba sai layi ya fito a fili. Yero ya yi ta fama da bayanin wannan a waya, ta katse shi ta ce ta gane, haka zanen hula yake haɗuwa ta baya ba a ga mahaɗi ba.

Da Yero ya zo babbar sallah ya ɗauko kwamfutar a cikin kwali, ya kunna wa Malam Arzika. Tsohon ya sa tabarau, ya kalli garken yana tafiya, sannan ya girgiza kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba," in ji Sakinatu.

"Kin yi ƙoƙari. Amma wannan takun soja ne. Saniya ba ta ɗaga ƙafar gaba da ta baya lokaci ɗaya haka, ta baya ce take fara tasowa ta kori ta gaba. Kuma kin sa wa bokolo dogon ƙahon rahaji, shi kuwa nasa gajere ne."

Washegari da hantsi ya tafi da ita kara. Shekara talatin da wani abu tana cin abincin shanu, ba ta taɓa tsayawa ta kalli tafiyarsu ba. Ta zauna a kan benci da littafinta, shi kuma yana sa a kora masa su ɗaya bayan ɗaya yana nuna mata da sanda. Dillalai suka taru suna leƙe. Wani ya tambaya ko daga gwamnati aka aiko ta, Malam Arzika ya ce a'a, 'yarsa ce, kwamfuta take koya wa kiwo.

A 2006 Yero ya gaji da kwafa. Ya biya ta Anacha ya sayo mata tsohuwar kwamfuta 'yar kwatano, mai ƙaton allo kamar akwatin talabijin, ya ba direba ya kawo. Mijinyawa ya kinkimo ta daga tasha yana haki, ya ce ya ɗauki cinyar bijimi da ba ta kai wannan nauyi ba. Aka share mata wuri kusa da taga.

Sati biyu maus, linzamin kwamfutar, yana ba ta kunya. Hannun da yake soka allura a tsakanin zare biyu, sai ga shi ya kasa tsayar da kibiya a gida ɗaya. Ta kusa komawa littafinta. Abin da ya riƙe ta shi ne ranar da ta gano maɓallin da yake mayar da kuskure baya. A hula, in ta ɓata layi sai ta warware da reza, wani lokaci aikin yini guda. Nan kuwa danna ɗaya. Ta yi ta ɓatawa da gangan tana mayarwa. Daga nan ta saba da sauran kayan aikin: fensirin da yake sa ɗigo ɗaya, bokitin da yake cika fili da launi, da ɗan bututun da yake tsotso launi daga wani wuri. Ta koyi jera ɗigon launi biyu a sarƙe don ido ya ga kamar na uku, da haka ta fitar da tsatsar rufin kwano da jar ƙasar Inugu. Safe na hula ne, bayan azahar na kwamfuta, in akwai wuta. In an ɗauke, littafi yana nan.

Akwai wata mai tuwo a cikin wasan, a tashar da matafiyi yake hutawa haƙurinsa ya dawo. Sakinatu ta so matar nan, ta yi mata gyale da zane ruwan hoda mai haske, ta tura wa Yero. Bayan kwana biyu ya kira, dariya ta hana shi magana.

"Yaya, mai tuwonki ta ɓace. Kai ne kawai da hannu biyu da ludayi suke yawo a tasha."

"Kamar ya ta ɓace? Ni na zana ta da hannuna."

Sai ya tuna bai taɓa gaya mata ba: wannan ruwan hodar shi ne launin da wasan yake ɗauka a matsayin babu komai, da shi ake cike bayan hoto don kada ya fito. Ta ce to laifinsa ne, ya amsa. Za ta canza launin sai matar Yero ta sa baki daga gefe, ta ce a bar guda ɗaya haka. Aka yi wa mai tuwo shuɗin gyale, ita kuma mara jikin aka kai ta wani dajin kan hanya, inda duk wanda ya yi ƙarfin hali ya yi mata sallama take ba shi kyautar albasa.

A 2008 suka gama. Wasan awa huɗu ne, gari tara, mutanen ciki suna magana da Hausa da Turancin buroka da Ibo, kuma Sakinatu ce ta gyara Ibon domin na Yero ya lalace a Fatakwal. Ya zuba shi a faifai arba'in suka raba kyauta, wasu a Obiagu, wasu wajen masu tsire da 'yan albasa a Oil Mill, wasu aka ba direba ya kai unguwar Hausawa ta Anacha. Ba kowa yake da kwamfuta ba, don haka a shagunan intanet aka fi buga shi. Wata rana tana sayen kayan miya, ta ja ciniki da mai tumatir har sau huɗu, sannan matar ta ce, "Madam, my haƙuri don finish," wato haƙurinta ya ƙare, ta ƙara mata biyu. Ashe ɗan matar yana buga wasan a gida. Sakinatu ta dawo tana murmushi ita kaɗai a kan okada.

Yero ya sa hotunan a wani dandalin masu irin wannan sha'awa a intanet. Ba a yi wata ba wani mutum daga Barazil ya rubuto yana neman izinin amfani da rufin kwanon da jar ƙasar, ya ce duk ya duba bai sami abin da ya yi kama da unguwarsu ba sai wannan. Da Yero ya karanta mata, ta tambaya ko mutumin ya ce zai sa sunanta. Ya ce eh, ya ce zai sa. Ta ce to ya ɗauka, a haɗa masa da kaji.

Malam Arzika ya rasu a 2011, ya ga wasan har ƙarshe, ko da yake bai taɓa yarda ya taɓa maɓalli ba, sai dai ya zauna a baya yana ba da umarnin ciniki. Yero ya buɗe nasa shagon, 'ya'ya suka ƙaru, ranakun Lahadinsa suka ragu. Wasa na biyu da suka fara, na masu kwalekwale a kogin Kwara, har yau bai ƙare ba, kuma babu wanda yake gaggawa.

Sakinatu ta haura hamsin yanzu, tana sa tabarau, kwamfutar ta zama ta tafi-da-gidanka. Masu hula suna zuwa kamar da. Abin da yake gabanta a watannin nan ruwa ne. Ta ce ruwan da ta zana na farko kamar leda yake, ba ya gudu. A watan jiya ta je Anacha gaisuwar wata ƙawarta, ta sa mai keke ya tsaya kusa da gada, ta sauka ta tsaya tana kallon kogin kusan rabin awa. Mai keken ya gaji ya tambaye ta da Ibo ko wani abu ne ya faɗa mata a ciki. Ta ce a'a, launi take ƙirgawa, ta samu biyar, ya ƙara mata minti goma.