Ɗinyar Gwaggo

Gonar da na gada a bayan Rurum Tsohon Gari tawa ce daga kunyar farko har ta ƙarshe, amma itatuwan da ke cikinta ba nawa ba ne. Ɗan birni zai yi mamakin wannan, mu kuwa haka muka taso muka tarar. Da kakanmu ya rasu, 'ya'yansa maza suka raba ƙasa, yayar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, ta ce ita a bar mata itatuwa huɗu: tsamiya, kuka, ɗorawa, da wata ƙatuwar ɗinya da ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar gona. Aka bar mata. A shekarun da Shari'a ta dawo da ƙarfinta a Kano, malamai suka yi ta wa'azi a kan gadon mata, har mahaifina ya je ɗakinta ya ce a auna mata rabonta na ƙasa. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ita ba ta da ƙugun noma, itatuwanta sun ishe ta.

Kuma sun ishe ta ɗin. Da bazara tana kan ɗorawa, ta dama garin ta sha, kalwar ta yi daddawa. Ganyen kuka take shanyawa a inuwa, ba ta yarda rana ta taɓa shi, ta ce rana na shanye masa ƙarfi. Tsamiya kuwa curi-curi take dunƙulawa ta adana a tukunya. Amma ɗinyar ita ce 'yar lelenta. Sabon tohonta, wato ɗinkin, kwaɗo take yi da shi. Da kaka, in 'ya'yan sun nuna sun yi baƙi wuluk, sai ta jiƙa su ta murje ta tace, ta ɗora ruwan a wuta ta yi ta juyawa har ya yi kauri ya zama maɗi. Duk matar da ta haihu a unguwarmu a wannan lokaci, sai ta sha maɗin Gwaggo kafin suna. Ba wanda ya ɗora mata wannan aiki, ita ta ɗora wa kanta, kuma ko goro ba ta karɓa.

Ta haura saba'in a lokacin da nake ba da labari, amma da haƙoranta take gaigayar goruba, da idonta take zura zare a allura. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa 'ya'yan itace ne suka yi mata wannan ba. Abin da na sani shi ne, in muka jera zuwa gona, ni ne mai haki.

Ina koyarwa a wata firamare a Rano, ina da albashi da mashin, kaina kuma ya fi hulata girma. In na shigo gida da lemon kwalba na tarar da ita tana tsotsar kanya, sai in tsokane ta.

"Gwaggo, har yanzu ana nan ana cin abincin birai?"

"Ana nan, ɗan nan," in ji ta. "Ka taɓa ganin biri a layin asibiti?"

Bayan rasuwar mahaifina da shekara biyu, siyasa ta kawo mana tarakta. Kansilanmu ya yi alkawari, abin mamaki kuma ya cika. Direban ya zagaya gonata ya ce saiwar ɗinyar za ta karya masa garma, inuwarta kuma ba za ta bar masara ta yi goyo ba. Ni kuwa masara nake gani har a mafarki. Gwaggo ta tafi wajen 'yarta a Unguwar Gai ta Kibiya, za ta yi mako biyu. Ban aika mata ba, domin na san amsar da zan samu. Na kira masu sara, suka yi kwana biyu a kanta kafin ta faɗi, aka faskara ta aka jibge itacen a gida jikin katanga.

Ranar da ta dawo, ko ruwa ba ta sha ba ta wuce gona, ni kuma na bi ta a baya kamar ɓarawon da aka kama. Ta daɗe a tsaye a gaban kututturen. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka, har na tanadi bayani a kan noman zamani.

"Da ka tambaye ni," ta ce a hankali.

"Gwaggo, da na tambaye ki ba za ki yarda ba."

"Ai shi ya sa ake tambaya."

Ta gyara mayafinta ta juya. Ba ta kai ni gaban mai gari ba, ba ta kai ni gaban alƙali ba, ko da yake kowa ya san gaskiya tata ce. Kullum da safe in na gaishe ta sai ta amsa da fara'a, har ta tambayi makaranta. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da kakar wannan shekara matata ta haihu a asibiti a Rano. Ta zubar da jini da yawa, ta yi fari fat, ko jaririyar ba ta iya ɗagawa. Aka ba ta magani, sannan wata malamar asibiti ta tambaye ni abin da na tanadar mata na ci. Na gyara tsayuwa na ce katan ɗin lemo da biskit mai tsada. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, ka ga goro in an fasa shi an bar shi a iska, yadda yake canja launi? To jiki ma haka yake lalacewa a hankali daga ciki. A cikin ganye da 'ya'yan itace akwai abin da ke rage wannan. Ta sha maganinta, kada ta fasa, amma ka nemo mata zogale da zoɓo da kuka da tsamiya. Ɗinya ma yanzu lokacinta ne. Kuna da ita a wajenku?"

Na ce muna da ita. Kunya ta hana ni faɗar gaskiya.

Kwana biyu da komawarmu gida, aka wayi gari ba Gwaggo. Hankalina ya tashi, na ɗauka fushin da ta haɗiye ne ya fito, kuma 'yata ce za ta zama jaririyar farko a unguwa da uwarta ba ta sha maɗi ba. Sai bayan la'asar ta yi sallama, da ƙwarya a kanta, ƙafafunta sun kumbura sun yi futu-futu. Surukata, wadda ta zo kula da mai jego, ta tare ta ta sauke mata, tana tambayar daga ina.

"Dawaki," in ji ta. "An ce wani bawan Allah yana da ɗinya mai kyau. Na roƙa ya ba ni."

Wai "na roƙa." Matar da ta shekara hamsin tana bayarwa, ban taɓa jin ta nemi ko gishiri a wajen maƙwabta ba, ita ce ta je ta tsaya a ƙofar gidan wanda ba ta sani ba, saboda matar wanda ya sare mata itace.

Ba ta huta ba. Ta jiƙa ɗinyar ta murje ta tace, ta jawo tukunya. Na durƙusa kusa da murhun na ce, "Gwaggo, don Allah ki yafe mini."

"Miƙo mini itace, ɗan nan, rana na faɗuwa."

Na miƙa hannu na zaro ɗaya daga tarin da ke jikin katanga, sai da ya shiga hannunta na tuna daga inda aka faso shi. Ta juya shi, ta shafa ɓawon da babban yatsanta, ta gane shi. Ba ta dube ni ba. Ta tura shi ƙarƙashin tukunya, ta sunkuya ta hura wuta.