Jan Fenti a Kan Taraktar Baba

Ni tela ne. Almakashi na sani, da zare, da rigimar masu ɗinkin sallah. Ban taɓa riƙe buroshin fenti ba sai shekarar da idon Baba ya fara tafiya.

Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma lallaɓa shi za a yi da magani. Muka dawo gida Tudun Wada. Da farko Baba ya daina gane fuska daga nesa, sannan ya ajiye Alƙur'aninsa mai manyan baƙi. Abin da ya rage masa launi ne, shi ma sai mai ƙarfi, kuma sai rana ta haska shi.

A ƙofar gidanmu akwai rumfar kwano, a ƙarƙashinta tsohuwar taraktarsa. Da ita ya yi wa mutane huɗa tun daga gonakin masarar Doguwa har bakin dajin Falgore, da ita ya ciyar da mu. Injin ya daɗe da mutuwa, awaki ke ƙailula a inuwarta. 'Yan gwangwan sun sha zuwa taya ta, yana korar su.

Wata safiya na durƙusa ina gaishe shi a kan tabarmarsa ta ƙofar gida, sai ya juya wajen rumfar.

"Kai, kun sayar da ita ne?"

Ni ne ɗan fari, shi da Inna ba sa kama sunana.

"Tana nan, Baba. Ga ta can."

"To ni katanga kawai nake gani."

Na duba, ashe gaskiyarsa ce. Tsatsa ta cinye ta har launinta ya saje da ƙasar katanga. Ya ce ranar da ya kawo ta ja ce wur, tun daga bakin titi ake hango ta. Bai roƙe ni komai ba. Amma ranar na lalata wuyan rigar wani, don hankalina yana ƙarƙashin rumfa. Na ƙudurta sai Baba ya sake ganin taraktarsa ja kafin idon ya rufe.

Ranar kasuwa na sayo fenti. Mai shagon ya yi ta yi mini bayani: a kankare tsatsa da samfefa tukuna, a tsarma fentin da tina, a shafa kaɗan-kaɗan. Ina ta cewa to, to, ƙafata ɗaya tana waje.

Kankare tsatsa ba ɗinki ba ne. Ka goge nan, can ta leƙo. Yatsuna suka sale, garin tsatsa ya cika mini hanci, in na tofar da yawu ja-ja. Ga sallah ta matso, masu kaya suna biyo ni har gida. Ina kan keken ɗinki ina tunanin tarakta, ina kan tarakta ina tunanin yadin mutane. Abinci ma a tsaye nake ci.

Kullum da hantsi nakan zo da ƙyallen jan yadi in ɗaga a gaban Baba, wai shawara nake nema.

"Irin wannan ne launinta?"

"Shi ne."

Bayan kwanaki ya koma cewa, "Matso da shi." Daga baya kuma, "Ja ne, ko?" Wannan "ko" ɗin ya tsinka mini zuciya.

Inna ta same ni ina fama da ƙarƙashin madigadi, murfin tayar nan, inda ko kaza ba ta leƙawa. Ta ce, "Ka shafa mata hakanan ya gani mana. Ido ba ya jiran gwaninta."

"Inna, ni ban taɓa ba mutum riga da zare yana reto ba."

"To, Allah ya ba da sa'a, sarkin aiki."

Ranar da na buɗe gwangwanin, fentin ya yi kauri kamar kunun kanwa, sai a lokacin na tuna ban sayo tina ba. Komawa kasuwa ɓata yini ne, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Na ɗauko kananzir ɗin Inna na tuttula. Ai duk mai ne, in ji ni. Na shafa, na ƙara, na lafta, don jan ya fito sosai. Kafin azahar tarakta ta zama ja wur, har masu wucewa suna tsayawa. Sai dai la'asar ta yi, in ka taɓa, yatsanka ya fito da ja. Baba yana ciki ranar, kansa na ciwo. Na ce a bar shi, gobe da hantsi in ta bushe.

Da yamma ruwan fari ya sauka, mai ƙarfi. Na tsaya a rumfar ina zagaye, ina tare feshi da buhu. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Da aka ɗauke, na tuna masu zuwa masallaci za su bi ta nan da fararen riguna, sai na rataye fitilar sola a saman taraktar don kada wani ya goga.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke fitowa bayan ruwan fari, ya kuma san abin da yake bi. Ni da na ci soyayyiyar gina tun ina yaro, na manta.

Da gari ya waye na fito. Gina, garar nan mai fiffike, ta taso ta bi fitila ta sauka a kan ɗanyen fenti. Daga hancin taraktar har kujera fiffike ne manne, wasu suna motsi. Kaji sun hau suna tsattsaga, sawunsu ko'ina. Na ɗauki takalmi na jefe su, na zauna a kan taya. Wallahi kuka ya zo mini.

Inna ta leƙo ta ce, "Fito da shi hakanan." Wannan karon ban yi gardama ba.

Na jira rana ta ɗaga ta shigo rumfar, na riƙo hannunsa. Duk da fiffiken, jan yana nan yana ƙyalli. Na tsayar da shi dab da ita. Ya daɗe yana fuskantar ta. Sannan ya miƙa hannu ya lalubo madigadi, ya shafa a hankali, ya tsinci fiffike ɗaya ya murza.

"Gina ce," ya ce, yana murmushi. "Ashe damina ta zauna. Ku fito da iri."

Ya kai yatsun hancinsa, ya shinshina.

"Fenti ka yi mata? Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Ya ɗaga tafinsa, wanda ya yi ja sharkaf, har kusa da fuskarsa.

"Wane launi ka sa mata?"