Ƙunshin da Ya Ƙi Ɗauruwa

Har gobe ban manta da ranar Larabar da na zagi kwamfuta a gaban marasa lafiya ba.

Lokacin ina jami'ar ajiye bayanai a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Zurmi, an kuma katse layukan waya. Duk ranar Laraba akwai manhajar da ke tattara fayilolinmu ta matse su cikin ƙunshi ɗaya, in zuba a filashi, ɗan acaɓa ya kai Ƙaura Namoda. Malam Sada, babban jami'inmu na can, shi ya saka mana ita, ya kuma yanka mata iyaka: in ƙunshin zai cinye wurin da ya ware wa kwamfutar, sai ta tsaya.

Ranar na haɗa har da hotunan katunan mata masu juna biyu, na shekara guda. Manhajar ta yi nisa, sai ta tsaya cak, wai ta kai iyaka. Na nemi cire iyakar, ta nemi lambar sirri. Ga ɗan acaɓa yana ta hon. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na rubuta wa Malam Sada takarda mai zafi, na ce ya ba mu jaki ya ɗaure masa ƙafa. Ɗan acaɓa ya tafi da takardar, babu filashi.

Washegari da hantsi aka kawo Hassi daga Birnin Tsaba, tana zubar da jini bayan haihuwa, ba ta san inda take ba. Gudu suka yi daga ƙauyensu, katinta na can. Ungozoma ta leƙo ta ce, "Wane irin jini ag gare ta? Kayan gwajinmu sun ƙare." Na kunna kwamfutar. Ta tashi lafiya lau. Ga sunan Hassi, ga nau'in jininta, ga sunan ƙanenta da aka gwada tun awon ciki aka ga ya dace. Ƙanen yana tsaye a bakin ƙofa. Nan take aka ɗebi jininsa aka ƙara mata.

Bayan mako biyu Malam Sada ya zo. Ya duba kwamfutar ya ce, "Kin ga wurin da yar rage? Da manhajar ta ci gaba, da ta cika kwamfutar har wuya, ba ta ƙara tashi sai an kai ta Ƙaura. Hanya kuma kin san yadda take." Ya nuna mini yadda ake raba ƙunshi kashi-kashi. Bai ta da zancen takardata ba, sai da zai hau babur ya ce, "A gaida jaki."

Kunya ta kama ni, na yi masa godiya har da hawaye. Ku da kuka zo bayanmu, in kun tarar da iyaka a aiki, ku tambayi wanda ya sa ta kafin ku yi fushi. Hassi na kawo 'yarta rigakafi, ni ke rubuta sunanta.