Ambaliya ta shiga gidan Kawu a Dubai

Na tarar da Kawu Sabo tsaye a falonsa, ruwa har gwiwa, washegarin ruwan saman da ya shanye titunan Dubai. Gidan a kwari yake, kuma da guminsa na fataucin atamfa ya saye shi.

Na ce, "Kawu, ai kana da inshora."

Ya ce, "Ta gobara ce kawai, ɗana. Sun yi mini tayin ta ambaliya, na ce wace ambaliya a sahara? Ni da ruwa ya rusa gidanmu a Haɗejiya ina yaro."

Sai muka shiga fitar da katifu. Yanzu a ɗakina da ke unguwar Bur Dubai yake kwana.

Jama'a, kun taɓa tambayar inda ruwan unguwarku yake bi?