Imoru da Bai Harba Ba

Shekara talatin Imoru yana harba bindiga a Tamale, bai taɓa auna kowa ba. Aikinsa harbin makoki ne: in babban mutum ya rasu a unguwarsu ta Kukuo, shi da 'yan'uwansa ke ɗura albarushi zalla, su harba sama don girmama mamaci. Ƙarar tasa ta fi ta kowa, shi ya sa mutanen unguwa suka yanke cewa jarumi ne. Ba wanda ya tambaye shi.

Abin da ke ciyar da gidansa kuwa gonar masara ce a bakin gari, gadon ubansa, iyaka ɗaya da ta maƙwabcinsa Andani. Da gari ya fara cin gonaki, sai wani mai kuɗi ya ce an sayar masa da wurin duka. Ranar wata Talata da hantsi mutum huɗu daga cikin yaransa suka sauka daga babura da ginshiƙan siminti, suka fara kafawa a tsakiyar masarar Imoru. Uku na riƙe da adda. Na huɗun hannunsa na cikin riga, bai fitar ba.

Mulikatu, matar Imoru, ta ruga gida ta dawo da bindigar a naɗe cikin zane.

"Maigida, ga ta. Ko sai sun shuka siminti a ɗakinmu?"

Andani ya tsallako iyaka yana huci. "Yaya, harba ko sama ne! Ka san ƙarar taka, wallahi sai sun manta inda suka ajiye baburansu."

Imoru ya dubi mai hannu cikin riga. Ya san abin da Andani bai sani ba. Bindigarsa harbi ɗaya take yi, bayan nan sanda ce mai nauyi, kuma wanda ya ji ƙara ba ya tsayawa tambayar ko da harsashi a ciki. Ya ajiye ta a ƙasa yadda kowa zai gani, ya buɗe tafukansa.

"Samari, sannunku da aiki," in ji shi. "Ku kafa. Za mu haɗu gaban manya."

"Sannu da aiki!" Andani ya tafa hannu. "Yaya, ka kawo musu koko mana, rana ta yi."

Imoru ya kama hannun Mulikatu, suka ja da baya har bakin hanya, sannan ya juya. Sai da mutanen suka tafi ya koma ya ɗauki bindigarsa. Sati biyu Mulikatu tana ajiye masa tuwo ba magana.

Da suka dawo kafa ginshiƙi a gonar Andani, shi bai yi musu sannu ba. Ya fito da bindigar farautarsa, mai harsashi ta gaske, ya harba. Guda cikinsu, uban yara uku, bai kai asibiti ba. A wurin masu shayi an yi kwanaki ana cewa Andani namiji ne.

Imoru ya yi shekara huɗu yana sintiri tsakanin fadar sarkin unguwa da kotu, har takalminsa biyu suka mutu. Aka gano takardar mai kuɗin ba ta da tushe, amma ya riga ya kewaye kusan rabin gonar da katanga, aka ce a yi sulhu. Imoru ya karɓi sauran. Andani kuwa, ba wanda ya sake kusantar gonarsa, ko taku ɗaya bai rasa ba. Yana gidan yari, saura masa shekara goma sha ɗaya.

Har yau in Imoru ya wuce a kan kekensa akwai masu cewa ga matsoracin Kukuo nan. Ba ya tsayawa, don sauri yake. Ruwa ya sauka, kuma in ya gama nome rabin gonarsa, ta Andani na jiransa, ga iyalin Andani mutum bakwai da ke ci daga cikinta.