Yakuwar Abduljalil

An haifi Abduljalil a Mahjar, wata unguwa a Jidda, a ɗakin hayar da mahaifinsa ya kama bayan ya zo hajji daga Kano bai koma ba. A gida Hausa yake yi, a kasuwa Larabci, amma a takarda shi baƙo ne. Iƙama, takardar izinin zama, ita ce kaɗai ke riƙe da shi a garin haihuwarsa, ita kuwa tana hannun kafili, wato ubangidan da yake yi wa aiki.

Tun yana saurayi ya kama aiki a gonar wani Balarabe, a wani kwari gabas da Jidda, inda ake noman barsim, ciyawar dabbobi. Shi ya riƙa saɓa ɗan mai gonar, Bandar, a wuya, shi ya koya masa tuƙi. Da tsohon ya rasu, Bandar ya gaji gonar, ya gaji Abduljalil tare da ita.

Sai hukuma ta lura ruwan ƙarƙashin ƙasa yana janyewa. Ta ce duk manomin da ya bar barsim ya rufe rijiyarsa, za ta riƙa ba shi tallafi. Bandar, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, ya zama manomi abin koyi ranar da ya daina noma. Abduljalil da hannunsa ya toshe rijiyar da ya tsufa a bakinta. Aka bar shi gadi, ya tsare ƙasa kada ta yi kore.

Ya tsare tsakani da Allah. Sai dai mahaifinsa ya hore shi cewa ba a barin ruwan alwala ya tafi a banza. Don haka wuri ɗaya yake tsugunawa ya yi alwala a bayan ɗakinsa, da butar da yake cikawa daga tankin ruwan shansa, kuma a nan ya watsa irin yakuwa. Filin bai kai tabarma ba. Duk Juma'a yakan kai wa matarsa Latifatu ƙunshi guda, ta yi miya, ta ɗiba wa maƙwabta.

Hoton da hukuma ta ɗauka daga sama ya nuna ɗigon kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Aka dakatar da tallafi, aka ce ana zargin an buɗe rijiya a ɓoye.

Bandar ya zo, bai ko kashe mota ba. Abduljalil ya yi masa bayani dalla-dalla, har ya ɗauko butar ya nuna masa inda ruwan ke gangarawa. Bandar ya saurara da ladabi, don tarbiyya gare shi.

"Ya Ammi, ai da taimama ka yi," in ji shi, yana kiransa baffa da Larabci. "Ga ƙasa nan ko'ina."

Ya rubuta wa hukuma cewa ma'aikaci ne ya yi shuka ba da saninsa ba, kuma ma ya gudu. Da wannan takarda iƙamar Abduljalil ta mutu. A bakin ƙofar gonar aka kama wanda ya gudun, yana bakin aikinsa.

A gidan da ake tsare waɗanda za a kora, jami'i ya tambaye shi wane gari za a mayar da shi. Ya ce Mahjar. Jami'in ya rubuta Kano. Iƙamar Latifatu tana rataye da tasa, don haka ita ma an ce ta shirya kayanta.

An dawo wa Bandar da tallafinsa, har da takardar yabo. Ya sa aka zuba siminti a bayan ɗakin, saboda an gaya masa yakuwa tana zubar da iri.