Turaren Wuta a Ɗakin Ɓeraye

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na ɓata wa Dakta Halima aikin mako uku. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje, ita ce shugabarmu, ni kuma ina kula da ɓeraye, fararen nan da ake kiwo don bincike.

Wani mai sana'ar takalma a unguwar Shahuci, Alhaji Sabo, ya kawo mana gwangwanin gam. Ma'aikatansa sun dame shi da kukan ciwon kai da jiri, yana so a duba ko warin gam ɗin ne.

Ga yadda ake aikin. Ana raba ɓeraye gida biyu, kowanne da akwatinsa na gilashi. Kashi ɗaya ana tura musu tururin gam na wasu awoyi kullum, ɗaya kashin kuma iska zalla. In na farko suka kamu, na biyu suna lafiya lau, to an kama mai laifi.

Ni kuwa matata Binta ta daɗe tana mita kan warin ɓerayen da nake komawa gida da shi. "Malam, wallahi tun kana zaure nake sanin ka dawo. Duk unguwar Madabo babu mai warinka." Rannan ta ƙullo min turaren wuta a leda. Na samo kasko na riƙa turara ɗakin da safe kafin kowa ya zo, ina jin na yi abin kirki. Ashe lungun da nake ajiye kaskon, nan ne bakin bututun da ke kai wa kashi na biyu iska.

Kwana uku, sai ga ɓerayen iska zalla su ma suna atishawa, idanu sun yi ja, sun ƙi abinci. Dakta ta sa aka kwance akwatin ana neman inda gam ke yoyo, ba a samu ba. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Tunda duka biyun sun kamu, ƙila mura ce kawai. Wataƙila gam ɗin ba shi da laifi."

Da na yi shiru, da babu wanda zai sani. Amma na taɓa leƙa shagon Alhaji Sabo, na ga magidanta a duƙe cikin ɗaki babu taga, suna shafa gam da yatsa.

Na ce, "Dakta, ni ne."

"Kai ne me, Malam Nasiru?"

Na jawo kaskon daga bayan kabad. Ta dube shi, ta dube ni, ta sunsuna.

"Ɓerayen nawa ka mayar amare?"

Kowa ya fashe da dariya, ban da ni. Ta ba ni takardar gargaɗi, sannan ta tambaye ni inda ake sayar da turaren.

Muka sake lale da sababbin ɓeraye. Wannan karon masu shaƙar gam ne kaɗai suka riƙa tangaɗi suna rama. Alhaji Sabo ya fasa bango ya sa tagogi, ya mayar da shafa gam tsakar gida.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan, in kun yi kuskure ku faɗa da bakinku. A nan ciki abin dariya ne da takarda guda. In kuka bar shi ya fita da sakamako, a ƙirjin wani magidanci zai sauka.